Adalcin Tattalin Arziki da Bin Doka a Matsayin Makaman Yaƙi da Ta'addanci

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2009 babu wata matsala da ta ci wa Arewacin Nijeriya tuwo a ƙwarya kamar ta'addanci. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNDP, ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen shekarar 2020 rikicin Arewa maso Gabas ya yi sanadin salwantar rayuka kimanin 350,000. Abin lura a cikin wannan adadi shi ne, kimanin mutum 35,000 ne makami ya kashe kai tsaye, sauran kuwa yunwa da cuta da rashin magani da rashin ruwan sha ne suka ɗauke su, kuma mafi yawansu ƙananan yara ne. Ke nan ɓarnar ta'addanci ta fi yawa a gona da kasuwa da asibiti fiye da a fagen daga.

Duk da haka, da zarar an tashi maganar magance wannan annoba, hankalin mahukunta da na talakawa yakan karkata ga soja da bindiga da jirgin yaƙi. Babu mai musun cewa wanda ya ɗauki makami a kan jama'a dole ne a tare shi da makami. To amma an shafe fiye da shekara goma sha biyar ana gwabzawa, an kashe shugabanni, an ƙwato garuruwa, wutar kuwa ba ta mutu ba, sai ma ta yaɗu zuwa Arewa maso Yamma da wata sabuwar kama. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa akwai makamai biyu da aka yi wa riƙon sakainar kashi, alhali su ne ke iya kai wa cutar har saiwarta. Na farko shi ne adalci wajen rabon arziki da damar neman abinci, na biyu kuma shi ne bin doka, musamman daga ɓangaren ita hukuma kanta.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar ta'addanci ta samo asali ne daga tushen Larabci mai nufin ƙetare iyaka. Daga nan ne Hausa ta sami ta'adi, wato ɓarna, da ɗan ta'adda, sannan aka liƙa ɗafa-ƙeya aka sami ta'addanci, kamar yadda aka sami adalci da zalunci. A wannan maƙala, ta'addanci yana nufin amfani da kisa ko garkuwa ko ƙone-ƙone a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, domin jefa tsoro a zukatan jama'a da tilasta wa hukuma ko al'umma bin wata manufa.

Adalcin tattalin arziki ba ya nufin kowa ya mallaki daidai abin da ɗan'uwansa ya mallaka, domin yatsun hannu ma ba daidai suke ba. Abin da yake nufi shi ne dukiyar ƙasa ta kai ga masu ita, kowane ɗan ƙasa ya sami damar ilimi da sana'a, kuma kada a ƙwace gonar mai rauni ko burtalin makiyayi domin a ba shafaffe da mai. Bin doka kuwa shi ne doka ta hau kan kowa, mai mulki da wanda ake mulka, a tuhumi mai laifi a gaban alƙali, a ba shi damar kare kansa, a hukunta shi gwargwadon laifinsa, a kuma saki wanda ba a same shi da laifi ba.

Waɗannan ma'anoni ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Daga cikin manyan abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a kansu a littafinsa Kitabul Farƙ akwai ɗora wa talakawa haraji mai nauyi irin su jangali, da karɓar gaisuwa kafin a yi hukunci, da ƙwace kayan mutane a kasuwa. Haka kuma Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 14, ya ambaci tsaron jama'a da jin daɗinsu tare a matsayin babban dalilin kafa gwamnati.

3.0 Darussan da Tarihi Ya Bari

A watan Disamba na 1980 birnin Kano ya ga tarzomar Muhammadu Marwa Maitatsine, wadda ta tashi daga unguwar 'Yan Awaki, ta kuma ci rayuka fiye da 4,000 kafin soja su murƙushe ta. An kashe Maitatsine, aka ɗauka magana ta ƙare. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A 1982 almajiransa suka sake tayar da ƙura a Bulumkutu ta Maiduguri da kuma Kaduna, a 1984 a Jimeta ta Yola, a 1985 a Gombe. Masanin zamantakewar nan Paul Lubeck, wanda ya nazarci lamarin a 1985, ya danganta ƙarfin ƙungiyar da halin da gardawa da 'yan ci-rani suka sami kansu a ciki a zamanin arzikin man fetur. Kayan masarufi sun yi tsada, ƙananan sana'o'in da suka saba dogara da su sun fara gushewa, su kuma suna kallon wasu tsiraru suna facaka da dukiya. An murƙushe mutanen, amma yanayin da ya haife su an bar shi yadda yake.

Bayan kusan shekara talatin tarihi ya maimaita kansa. A watan Yuni na 2009 jami'an tsaro a Maiduguri suka yi arangama da mabiya Muhammad Yusuf a kan hanyarsu ta zuwa jana'iza, a kan batun sanya hular kwano, aka harbi mutum 17. A ƙarshen watan Yuli ƙungiyar ta kai farmaki a Bauchi da Borno da Yobe da Kano, aka rasa rayuka fiye da 700. Soja suka kama Muhammad Yusuf da ransa, suka damƙa shi ga 'yan sanda, ranar 30 ga Yuli aka kashe shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Haka aka kashe surukinsa Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda. A 2010 kotu ta yanke hukuncin cewa kisan Baba Fugu ya saɓa wa doka, ta kuma ba da umurnin a biya iyalinsa diyyar naira miliyan 100. 'Yan sandan da aka gurfanar a 2011 kan kisan Muhammad Yusuf kuwa, kotu ta sallame su a 2015.

Babu mai hankalin da zai wanke Muhammad Yusuf daga alhakin jinin da aka zubar. Amma da an gurfanar da shi, da an ji waɗanda suka ɗaure masa gindi da inda yake samun kuɗi, da kuma mabiyansa sun ga an kwance masa zani a kasuwa ta hanyar hujja. Kisan gillar da aka yi masa ya rufe wannan ƙofa, ya kuma ba Abubakar Shekau abin da zai riƙa nuna wa matasa a faifan bidiyo. A watan Satumba na 2010 ƙungiyar ta fasa gidan yarin Bauchi ta saki fursunoni fiye da 700, a watan Agusta na 2011 ta kai hari ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, ranar 20 ga Janairu na 2012 kuma ta kashe mutum fiye da 180 a Kano cikin yini ɗaya.

4.0 Shin Talauci Ne Ke Haifar da Ta'addanci?

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan, domin sau da yawa akan yi gaggawar cewa talauci ne uwar ta'addanci. Wannan magana tana da rauni. Usama bin Laden ɗan gidan attajirai ne. Matashin nan ɗan Nijeriya da ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama a Amurka ranar 25 ga Disamba na 2009 ya fito ne daga gidan wadata, ya kuma yi karatu a jami'a a Landan. Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka fi talauci a ƙasar nan, amma ba ta zama sansanin 'yan ta'adda ba. Miliyoyin talakawa suna kwana da yunwa ba su taɓa tunanin ɗaukar makami ba, kuma zalunci ne a riƙa kallon kowane matalauci ko kowane almajiri a matsayin ɗan ta'addan gobe.

To amma ya kamata a bambanta tsakanin masu assasa aƙida da masu ɗaukar bindiga. Masu assasawa 'yan kaɗan ne, kuma aƙida ko son mulki ke tura su. Rundunar da suke buƙata kuwa dubbai ce, kuma daga cikin waɗanda rayuwa ta toshe wa hanya ake ɗibar ta. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A binciken da ƙungiyar agaji ta Mercy Corps ta wallafa a 2016, bayan hira da matasan da suka taɓa zama cikin Boko Haram, an gano cewa ƙungiyar takan ba ƙananan 'yan kasuwa rancen jari, sannan ta yi amfani da bashin ta jawo su cikinta. Wato abin da banki da gwamnati suka hana mai shago da mai sayar da kayan miya, shi ɗan ta'adda ya miƙa musu. Haka nan a rahoton UNDP na 2023, wanda aka gina a kan hira da mutane a ƙasashe takwas na Afirka, kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da son ransu sun ce neman aikin yi ne babban dalilinsu.

Idan aka dubi alƙaluman ƙasa za a ga girman tsagar bangon. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kamar rashin ilimi da lafiya da tsaftataccen ruwa. Kashi 65 cikin ɗari na waɗannan mutane a Arewa suke. A Jihar Sakkwato adadin ya kai kashi 91 cikin ɗari, a Jihar Ondo kuwa kashi 27 ne. Masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, waɗanda a da suke ciyar da dubban gidaje, yawancinsu sun durƙushe tun daga bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa shekarun 2000. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekarun fari na 1970 da 1980, ya bar masunta da manoma da makiyaya suna rububin ɗan abin da ya rage.

Saboda haka abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, talauci kaɗai ba ya sa mutum ya zama ɗan ta'adda. Abin da ke da haɗari shi ne talaucin da mai shi ya gamsu cewa wani ne ya ɗora masa, ya kuma rasa inda zai kai ƙara.

5.0 Adalcin Tattalin Arziki a Matsayin Makami

'Yan ta'adda sun fahimci wannan fiye da yadda ake zato. Bayan rabuwar Boko Haram gida biyu a 2016, ɓangaren ISWAP da ya kafa sansani a tsibiran Tafkin Chadi ya ɗauki salon jawo farar hula a jika. Yana karɓar haraji daga masunta da makiyaya, amma yana barin su su yi sana'arsu, yana sasanta rigingimu, yana hukunta ɓarayin shanu. Mulki ne na zalunci da takobi, amma ga mutumin da bai taɓa ganin hukuma ba sai a shingen karɓar na goro, bambancin ba ya fitowa fili.

A ɗaya ɓangaren kuma, wasu matakan da hukumomi suka ɗauka da kyakkyawar niyya sun ƙara wa talaka nauyi. An hana hawa babur a Maiduguri a 2011, aka hana acaɓa a Kano a 2013. An rufe kasuwanni da dama a Borno da Yobe, aka taƙaita cinikin kifin Baga. A jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar, dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana hawa babur da fataucin kifi da tattasai, alhali su ne ƙashin bayan arzikin yankin. Manufar ita ce a toshe wa 'yan ta'adda hanyar samun kuɗi da zirga-zirga, kuma a wasu wurare an sami sauƙin hare-hare. Amma duk matakin da ya raba dubban matasa da abincinsu ba tare da an tanadar musu madadi ba, to yana cika wa abokin gaba rumbu ne.

A Arewa maso Yamma ma labarin bai sauya ba. Dokar Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe makiyayu domin dabbobi, amma a hankali aka yanka da yawa daga cikinsu aka mayar gonaki, burtaloli suka toshe. Makiyayi ya riƙa kukan cewa kotu da ofishin 'yan sanda wuraren tatsar shanunsa ne, manomi kuma yana kukan cewa an cinye masa amfanin gona ba a biya shi ba. Da ɓarayin shanu suka addabi ƙauyuka, aka kafa 'yan sa-kai, su kuma suka shiga yanke hukunci a kasuwanni ba tare da bincike ba. Ramuwar gayya ta haifi ramuwar gayya, har ta kai a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda. Rigimar da alƙali mai gaskiya da jami'in filaye mai amana za su iya kashewa tun tana ƙarama, ita ce yau ake aika wa jiragen yaƙi.

Akwai misali a cikin gida da ke nuna cewa matakin tattalin arziki yana aiki. A watan Yuni na 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa. Kimanin mutum 30,000 suka shiga shirin, ana ba kowannensu naira 65,000 a wata tare da koyar da sana'a, hare-hare suka ragu, haƙar mai ta farfaɗo. Shirin yana da nasa aibin, domin ya saka wa wanda ya ɗauki bindiga, ya bar wanda ya yi haƙuri. Darasin da za a ɗauka shi ne a kai wa matashi sana'a da jari tun kafin ya san hanyar daji, domin rigakafi ya fi magani.

A aikace, wannan yana nufin a dawo da manoma gonakinsu cikin tsaro, a farfaɗo da noman rani, a shata burtaloli da makiyayu a kare su, a kai ƙananan rance ga masu ƙananan sana'o'i ba tare da sai sun san wani ba. Hukumar Raya Arewa maso Gabas da aka kafa da dokar 2017, da hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano, duk za su iya taka rawa idan aka riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shigo da inda ya tafi. Kuɗin da aka ware wa sansanin 'yan gudun hijira ya ɓace a aljihun jami'i, wannan ma taimakon ta'addanci ne, ko da mai shi bai taɓa riƙe bindiga ba.

6.0 Doka a Matsayin Makami

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. An yi Dokar Hana Ta'addanci a 2011, aka yi mata gyara a 2013, aka maye gurbinta da wata sabuwa a 2022. Akwai dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, da dokar hana azabtarwa ta 2017. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, dokar ta'addanci kuma ta ba da damar tsawaita tsarewa, amma da izinin alƙali. Inda gizo ke saƙa shi ne aiwatarwa.

Doka tana yaƙar ta'addanci ta hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce hukunta mai laifi a bainar jama'a, tun daga mai harbi har zuwa mai ba da kuɗi. A 2019 wata kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Nijeriya shida saboda aika wa Boko Haram kimanin dala 782,000. Abin takaici ne a ce ƙasar waje ta riga mai ɗaki gano inda rufinsa ke yoyo. Matuƙar masu ɗaukar nauyi da masu safarar makamai da masu karkatar da kuɗin tsaro suna yawo a sake, to kama yaran da aka aika ba zai kawo ƙarshen komai ba.

Hanya ta biyu ita ce kare wanda ba shi da laifi. A rahotonta na 2015 ƙungiyar Amnesty International ta yi zargin cewa mutum fiye da 7,000 sun mutu a hannun soja a wuraren tsarewa tun daga 2011, zargin da rundunar soja ta musanta. Amma shari'ar da gwamnati da kanta ta fara a barikin Kainji a watan Oktoba na 2017 ta tabbatar da wani ɓangare na damuwar. A zagayen farko an sami mutum 45 da laifi, aka sallami 468, waɗanda da yawansu sun shafe shekaru a tsare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da uwa da mata da ƙanne da suka kwana suna tsine wa hukuma. Rahoton UNDP na 2017 ya nuna cewa kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka yi hira da su sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe shi ne wani mataki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Ke nan duk kamun da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana iya haifar da sababbin mayaƙa fiye da waɗanda aka kawar.

Hanya ta uku ita ce hukuma ta amsa kuskurenta. A watan Janairu na 2017 jirgin yaƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a watan Disamba na 2023 kuma aka yi irin wannan kuskure a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, inda aƙalla mutum 85 suka rasu. Kuskure yana faruwa a yaƙi. Abin da ke raba hukuma da ɗan ta'adda shi ne bincike a fili, da hukunta wanda ya yi sakaci, da biyan diyya a kan lokaci. Soja ba ya cin yaƙin sunƙuru sai da bayanan sirri, bayanan sirri kuwa a bakin mutanen gari suke, su kuma ba sa faɗa wa wanda suke tsoro kamar yadda suke tsoron ɗan ta'adda.

Ba Nijeriya kaɗai ta koyi wannan darasi da tsada ba. A Ireland ta Arewa, tsare mutane ba tare da shari'a ba da Birtaniya ta fara a 1971, da harbe masu zanga-zanga 13 a rana ɗaya a watan Janairu na 1972, sun cika wa ƙungiyar IRA sahu da sababbin mayaƙa. Sai da aka yi dokokin hana wariya wajen ɗaukar aiki a 1976 da 1989, aka kuma zauna teburin sulhu, sannan aka kai ga yarjejeniyar 1998. Shi ya sa tsarin yaƙi da ta'addanci da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 2006 ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu, na farko magance yanayin da ke haifar da ta'addanci, na ƙarshe kuma kare haƙƙin ɗan Adam da bin doka.

7.0 Hujjar Masu Saɓanin Ra'ayi

Akwai masu cewa wannan duk maganar masu zaman ofis ce, wanda ya yanka ɗalibai a Buni Yadi a 2014, ya sace 'yan mata 276 a Chibok, bai cancanci lauya ko alƙali ba. Wannan fushi abin fahimta ne, musamman daga wanda aka kashe wa nasa. Amma shari'a ita ce kaɗai hanyar tabbatar da cewa wanda aka kama shi ne ya yi yankan, ba maƙwabcinsa da wani ya yi wa sharri saboda rigimar gona ko ta aure ba. Haka kuma waɗanda suka yi asara suna da haƙƙin a saurare su. Shirin sauya tunanin tubabbun mayaƙa da aka fara a 2016, mai sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, yana da amfani wajen rage yawan masu riƙe da makami, amma idan tubabbe ya koma gida da jari alhali marayan da ya bari suna bara a sansani, to an gyara wani zalunci ne da wani. Wajibi ne a tace masu jini a hannu a gurfanar da su, a kuma fara da waɗanda aka zalunta wajen rabon tallafi.

Wasu kuma suna cewa gina tattalin arziki aikin shekaru ne, gobara kuwa ba ta jira. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a janye soja. Amma da an fara wannan aiki bayan tarzomar 1980, da yaran da aka haifa a lokacin sun girma a wata ƙasa dabam kafin 2009.

8.0 Gurbin Malamin Makaranta

Malami yana tsakiyar wannan yaƙi ko ya so ko ya ƙi. Asusun UNICEF ya bayyana a 2017 cewa tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a Arewa maso Gabas, an raba 19,000 da muhallansu, an kuma lalata makarantu kusan 1,400. Ba banza ba aka sa makaranta a gaba, domin ita ce babbar hanyar da ɗan talaka ke bi ya sami rabonsa na arzikin ƙasa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun shekara tara kyauta kuma dole, amma har yanzu miliyoyin yara, mafi yawansu a Arewa, ba sa zuwa aji.

Malamin Hausa yana da dama ta musamman, domin da harshen da yake koyarwa ne aka yi wa'azin da ya ruɗi matasa, kuma da shi ne za a warware ruɗin. Darasin muhawara da na insha'i da na nazarin adabi suna koya wa yaro ya nemi hujja kafin ya yarda, ya kuma saurari wanda ya saɓa masa ba tare da ya ɗauke shi abokin gaba ba. Bugu da ƙari, aji shi ne kotun farko da yaro ke gani. Idan malami ya ba ɗan mai kuɗi makin da bai ci ba, ko ya doki yaro kafin ya ji ta bakinsa, ya koya wa aji duka cewa doka ta masu ƙarfi ce. Idan kuwa ya daidaita ɗan hakimi da ɗan mai gadi, ya shuka abin da zai daɗe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarfin soja yana iya ƙwato gari, amma riƙe garin da hana 'ya'yansa komawa daji aikin adalci ne. An kawo misalan Maitatsine da Boko Haram da 'yan bindigar daji domin a nuna yadda toshewar hanyar abinci da rashin wurin kai ƙara suke share wa masu mummunar aƙida fage, da yadda karya doka daga ɓangaren hukuma ke ƙara musu mabiya. Saboda haka ya wajaba kasafin noma da ilimi da kotuna ya sami irin kulawar da kasafin makamai ke samu, a hukunta mai laifi komai girmansa, a saki marar laifi komai ƙanƙantarsa, a kuma biya wanda aka zalunta. Ruwa ba ya tsami banza, kuma al'ummar da ta san dalilin tsaminsa ba ta da uzurin barin sa haka.

Tambayoyi

1. Yi bayanin asalin kalmar ta'addanci, sannan ka kawo kalmomi biyar na Hausa da aka gina da irin wannan ɗafa-ƙeya.
2. Wane bambanci maƙalar ta nuna tsakanin masu assasa aƙida da masu ɗaukar bindiga? Me ya sa wannan bambanci yake da muhimmanci?
3. Kawo hanyoyi uku da doka ke yaƙar ta'addanci, tare da misali ɗaya ga kowace hanya.
4. Fito da karin magana huɗu da aka yi amfani da su, ka bayyana yadda kowanne ya dace da muhallinsa.
5. Rubuta insha'i mai shafi biyu kana goyon baya ko sukar ra'ayin da ke cikin wannan maƙala.